Hannun Daman Yaya

Bayan rasuwar Baba ne Yaya ya aiko in tattara in same shi a Guangzhou. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ne auta, kuma tun ina firamare ya bar Kano, saboda haka na fi sanin muryarsa a waya a kan fuskarsa. Yana da ofishin kago a wani dogon bene a Xiaobei, unguwar da mutanenmu suka fi yawa. 'Yan kasuwar Kwari da Sabon Gari su sayo kaya su kawo mana, mu auna, mu ɗaure, mu kai filin jirgi na Baiyun. Aikin ke nan kullum, sai ranar Juma'a da muke tashi da wuri.

Juma'ar farko da na yi a garin, muna fitowa daga masallaci ya ce in biyo shi. Muka sauka wajen Liuhua Lu, muka hau can saman wani tsohon kanti da rabin shagunansa suke rufe. Tun muna cikin lif nake jin wata ƙara kamar ana sauke katako daga tirela. Da ƙofa ta buɗe sai na ga dogayen layuka na katako mai sheƙi a jere, kowanne a ƙarshensa an tsayar da wasu fararen abubuwa goma masu siffar kwalba. Mutum ya ɗauki ƙwallo mai nauyi kamar dutsen niƙa, ya zura yatsu uku a ramukanta, ya tako da sauri, ya sake ta, ta gangara ta je ta watsa su.

"Bolin ke nan," in ji Yaya. "Samu wuri ka zauna."

Na zauna ina jin kunya a madadinsa. Magidanci, Alhaji, mai tumbi da furfura a gemu, ya zo wasan yara. Amma da ya sauya takalmi ya hau katakon nan sai ya koma mini wani mutum. Duk nauyin jikinsa ya ɓace. Ya tako a hankali kamar mai gudun tada barci, ya rusuna, ƙwallon ta fita daga hannunsa ba ƙara, ta bi gefen lambatun da ke bakin layin har na ce ta faɗa, sai ta lanƙwaso ta shiga tsakiyar kwalaben. Ko ɗaya bai rage a tsaye ba. 'Yan China da ke layin kusa suka bar nasu wasan suka juyo.

Shara yake ce wa wannan, wato ka kwashe goman da jifa ɗaya. Ya bayyana mini cewa wasa ɗaya gida goma ne, kowane gida kana da jifa biyu, kuma wanda ya jera shara makinsa ninkuwa yake. Mai wurin wani tsoho ne siriri, tsohon ɗan wasa, wanda Yaya ke kira Laoshi, wato malam. Shi ya tsince shi shekaru da dama kafin zuwana, wata rana da ruwan sama ya koro shi cikin ginin, ya koya masa tun daga riƙon ƙwallo.

A shekarata ta biyu a garin Laoshi ya shigar da Yaya kakar gasar ƙwararru. Ana farawa ne da sanyi ya ɗaga, a yi ta zagaya garuruwan da ke kewaye, Foshan, Dongguan, Shenzhen, ana tara maki, sannan waɗanda suka fi kowa su haɗu a Guangzhou a rufe kaka. Duk sauran 'yan wasan da wannan suke ci suke sha. Yaya ne kaɗai mai wata sana'a, shi ne kuma kaɗai baƙar fata. A Xiaobei wasu suka ce caca ce, wasu suka ce girma ya faɗi. Maƙwabcin ofishinmu kawai, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ke tura kaya Ghana, wanda muke kira Alhajin Kumasi, shi ya tsaya masa, har ya ce motarsa tamu ce duk ranar wasa. Nawa aikin jan jakar ƙwallaye, riƙe waya, da miƙa ruwa.

A Foshan na fara ganin abin da ya hana ni sukuni duk kakar nan. Yaya ya yi wasa mai kyau, ya zo cikin na gaba-gaba, muka shiga wani gidan taliya na Musulmin China muna murna. Yana cikin ba Alhajin Kumasi labarin yadda man da ake shafa wa katakon ya bushe a gefen dama, sai tsinkayen cin abinci suka zame daga hannunsa suka faɗi ƙasa. Ya kalli hannun. Ya buɗe yatsun ya rufe, ya yarfe su kamar wanda ya taɓa ruwan zafi.

"Jijiya ce," ya ce. "Ƙwallon nan ba wasa ba ce."

Alhajin Kumasi ya yi dariya ya nemo masa cokali. Ni kuwa Baba na tuna. Yaya yana China lokacin da ciwon Baba ya fara, ni ne a gida. Ni na ga buta ta kuɓuce wa Baba yana alwala, ya ce santsin sabulu ne. Bayan 'yan kwanaki muka same shi a soro, bakinsa ya karkace, yana kiran sunana sunan ya ƙi fita. Ɓarin jikinsa ya shanye, kuma ni na yi ta juya shi a kan katifa, ina masa wanka, ina ba shi kunu a cokali, har Allah ya karɓi abinsa.

Ba a saba ba, a gidanmu, ƙane ya tambayi yayansa lafiyar jikinsa a gaban baƙo.

Anti, matar Yaya, ita ta fara yi mini maganar. Na je gidan cin tuwo ranar Lahadi, Yaya ya shiga wanka, ta tsaya a ƙofar kicin ta rage murya.

"Auta, yayanka ya daina shan maganin hawan jininsa."

"Tun yaushe, Anti?"

"Tun da aka fara gasar nan. Kullum in ajiye masa kusa da shayi, in dawo in tarar ya tura shi ƙarƙashin faranti. In na yi magana ya ce ina masa baki. Kai ne kake tare da shi a can. Don Allah ka sa masa ido."

Na ce to. Amma sa ido ba ya hana komai, na riga na sani.

Na sami bakin magana wata rana muna dawowa daga Baiyun, mun sauke kaya, mu biyu kawai a gaban motar ɗaukar kaya, direban ɗan China ba ya jin abin da muke cewa. Na daɗe ina juya kalmomin kafin na ce, "Yaya, maganin nan fa."

Bai juyo ba. "Ita ta aiko ka?"

"Ni na ga hannunka a Foshan."

"Maganin jiri yake sa ni. In na rusuna zan saki ƙwallo sai in ga layin ya zama biyu. In kaka ta ƙare zan sha, har kwalbar in haɗiye in kuna so."

"Haka na Baba ya fara."

Sai a nan ya juyo. "Kai ka ga Baba a kwance, shi ya sa kake ganin kowa a kwance. Ni ba Baba ba ne." Muka wuce wata doguwar gada, sannan ya ci gaba a hankali. "Ka san shekara nawa na yi a garin nan? In na shiga jirgin ƙasa na zauna, na kusa da ni tashi yake. In na tsayar da tasi, ya kalle ni ya wuce. Wuri ɗaya ne a duk garin nan da in na shiga mutane suke matsawa don su ga abin da zan yi. Ka bar ni in gama."



Zafi ya shigo, irin zafin Guangzhou mai ɗanko da ke jiƙa riga kafin ka kai bakin titi. Kakar ta ci gaba, Yaya kuma sai ƙara kyau yake. A Dongguan ya fitar da wani da aka ce ya taɓa wakiltar lardinsu. Mutanen Xiaobei da suka yi masa dariya suka fara leƙowa ofis suna tambayar yaushe ne na gaba. Ni kuwa ban ga ko ɗaya daga cikin wasannin nan yadda ya kamata ba. Kowa yana kallon kwalabe, ni bakin Yaya nake kallo. In ya yi shara ya juyo yana murmushi, sai in duba ko gefen biyu sun ɗaga daidai. In ya ce in miƙo tawul, ba maganar nake saurare ba, yadda harafin ke fita nake saurare. Yana yawan dafe ƙeya, yana shan baƙin shayi mai ɗaci kofi bayan kofi.

A Shenzhen na yi ƙoƙarin gaya wa Laoshi. Sinancina a lokacin bai wuce na kasuwa ba, laoban wato maigida, meyo wato babu, nawa ne, rage mini. Na ja tsohon gefe, na nuna hannuna na dama, na sake shi ya faɗi, na nuna Yaya. Ya gyaɗa kai da sauri kamar ya gane. Washegari sai ga shi da abin ɗaure wuyan hannu na fata, sabo, ya ba Yaya, ya nuna ni yana yaba mini. Ya ɗauka targaɗe nake nufi.

Yaya ya karɓa ya yi godiya da fara'a. Da muka shiga mota ya ce, ko kallona bai yi ba, "Ka sake kai ƙarata wurin wani, ka koma Kano." Alhajin Kumasi ya ƙara muryar rediyo.

Haka muka kai ƙarshen kaka, Yaya yana cikin waɗanda suka tsallake. Aka sa rufewar a wani babban gidan wasa a Guangzhou, ba na Laoshi ba, mai kujerun 'yan kallo hawa-hawa da kyamarori. Ranar aka tashi da ruwa da iska, jelar wata guguwa ce da ta bi ta bakin teku. Anti ta ce ba za ta iya kallo ba, ta zauna a gida. Amma 'yan Xiaobei sun zo, har da masu cewa caca ce, suka cika layi guda da hulunansu da lemominsu masu ɗiga.

Da safe Yaya ya wuce zagaye biyu. Bayan Azahar aka rage saura mutum huɗu, aka kashe fitilun sauran layukan aka bar biyu kawai a haske. Abokin karawarsa wani saurayi ne dogo daga arewacin ƙasar, mai jifa da ƙwallo mara nauyi yana murza ta tana juyi kamar katantanwa. Wanda ya ci a cikinsu, shi zai buga wasan ƙarshe. An ba ni kujera a bayan ta Yaya, tsakaninmu wani ɗan ƙarfe da ba a yarda ɗan kallo ya tsallaka ba.

Yaya ya buɗe da shara. Saurayin ya rama. Yaya ya sake, shi ma ya sake. A gida na huɗu saurayin ya bar kwalabe biyu a nesa da juna, ya kasa kwashe su, wurin ya ɗauki "jayo, jayo", irin kirarin da suke yi wa ɗan wasa, wasu nasa suke yi, wasu na Yaya. Alhajin Kumasi yana bayana yana dukan kafaɗata. Kafin gida na bakwai Yaya ya ba da tazara mai kyau.

Ya dawo ya zauna. Ya ɗauki tawul zai goge ƙwallo, tawul ɗin ya faɗi. Ya sunkuya ya ɗauka da hagu. Sannan ya juyo gare ni ya ce wani abu.

Ruwa yake so, na gane daga idonsa. Amma abin da ya fito daga bakinsa ba kalma ba ce. Kamar an cika masa baki da tuwo. Gefen leɓensa na dama ya sauka kaɗan, kaɗan ƙwarai, wanda bai san fuskar ba ba zai lura ba.

Na miƙa masa gorar, na riƙe ta ban saki ba. "Yaya, ka ce wani abu."

Ya fizge gorar ya sha. Ya rufe ido, ya ja numfashi. Da ya buɗe sai ya ce, tiryan-tiryan, "Me kake kallo? Lafiyata ƙalau." Leɓen ya koma daidai.

Ya tashi ya hau katako. Na riƙe ƙarfen nan da hannu biyu. Ya tako, ya rusuna, ya saki. Shara. Wurin ya kaure, 'yan Xiaobei suka miƙe tsaye suna kabbara, alƙalin wasa yana ɗaga musu hannu su yi shiru.

Na zauna ina tuhumar kaina. Wataƙila tsoro ne ya nuna mini abin da babu. Wataƙila gaskiyarsa ne, kowa nake gani a kwance. Mutumin da jini ya taɓa wa ƙwaƙwalwa zai yi irin wannan jifan? Na waiwaya ina neman Laoshi, yana can gefe ya harɗe hannu yana kallon allon maki. Na ce wa Alhajin Kumasi, "Alhaji, ka ji maganarsa ɗazu?" Ya ce, "Wane magana? Bar shi ya gama da yaron nan!"

Saurayin ya yi nasa jifan. Gida na takwas Yaya ya zubar da tara, ya kwashe ɗayan da jifa na biyu, amma na ga ƙafarsa ta dama ta ja ƙasa da yana dawowa, kamar takalmin ya yi masa nauyi. Bai zauna ba. Ya tsaya ya jingina da mashin ɗin da ke dawo da ƙwallaye, ya ba ni baya. Da gangan ya ba ni baya, na sani.

Gida na tara. Ko shara ba ya bukata yanzu, in ji Alhajin Kumasi a kunnena, ya dai zubar da mafi yawansu a gida biyun nan ya wuce. Aka yi tsit. Yaya ya ɗauki ƙwallon da hannu biyu ya rungume ta a ƙirji, ya hau katako, ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ya ɗaga hannun dama zai zura yatsu.

Yatsun suka wuce ramin. Ya sake gwadawa, suka zame ta gefe. Ya sunkuyar da kai yana kallon hannun kamar na wani ne, ya tallafe ƙwallon da cikinsa, ya kama yatsun da niyyar cusa su ɗaya bayan ɗaya. A babban allon da ke sama kyamara ta kawo fuskarsa, ƙatuwa, kowa yana gani. Rabin fuskar ya zube. Yawu ya fara gangarowa ta gefen gemu.

Ban san lokacin da na tsallake ƙarfen ba. Na san dai doka ce ba a hawa katakon nan da takalmin waje, nawa kuma jiƙe yake da ruwan sama, na ji yana ƙara a ƙarƙashina. Alƙali ya busa, wani ya yi ihu. Na isa gare shi na rungumi ƙwallon tare da hannunsa.

"Yaya, ya isa."

Ya dube ni da ido ɗaya a buɗe sosai, ɗayan ya lumshe. Ban taɓa ganin fushi irin wannan a fuskar mutum ba. Ya ja ƙwallon, na ja. Ya buɗe baki zai zage ni, sautin ya fito a murɗe, ba kai ba gindi. Ya so ya ɗaga hannun dama ya mare ni, na ga kafaɗar ta motsa, hannun bai bi ta ba. Ƙwallon ta kuɓuce mana ta faɗi da wata ƙara mai nauyi, ta gangara a hankali ta faɗa lambatu.

Ma'aikata biyu suka kama ni ta baya suna ja. 'Yan kallo suna ta hayaniya, wasu daga cikin namu ma suna cewa, "Kai, mahaukaci ne? Sauko!" Ni kuwa ina nuna fuskarsa ina ihu da duk yaren da na sani, Hausa, Turanci, guntun Sinanci, asibiti, asibiti. Laoshi ne ya ratso. Ya tsaya gaban Yaya, ya ɗaga hannayensa biyu sama ya ce wa Yaya shi ma ya yi haka. Hagu ya tashi. Dama ya ɗan ɗaga ya koma. Tsohon ya juya ya daka wa ma'aikatan tsawa da muryar da ban san yana da ita ba, suka sake ni. Daidai nan gwiwar Yaya ta lanƙwashe, muka tare shi ni da saurayin da suke karawa, muka kwantar da shi a kan katakon.

Motar asibiti ta daɗe saboda ruwa, ko kuma ni na ga ta daɗe. Ina durƙushe na ɗora kansa a cinyata ina masa addu'a a kunne, shi kuma idonsa na kan allon maki. A cikin motar ya juya fuska bango. Alhajin Kumasi ya biyo mu a baya, shi ya ɗauko Anti. Da ta iso ta same ni a barandar asibiti, ta kalli takalmina, ta zauna ta rufe fuska da mayafi.

Likitar da ta fito ta yi magana, wani ɗalibi ɗan Nijar da ke karatu a garin ya fassara mana. Daskararren jini ne ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa. Sun yi masa allurar da ke narkar da shi, kuma ana yin ta ne kawai in an kawo mutum da wuri. Ta ce an kawo shi da wuri. Na tambaya, da an bar shi ya ƙarasa wasan fa? Ta ɗaga kafaɗa ta ce ba wanda zai iya sani, wataƙila mintocin ba su da yawa, wataƙila kuma da faɗuwa zai yi da ƙwallon a hannu. Na so ta ba ni amsa ɗaya, ba ta ba ni ba.

Yaya bai yi mini magana ba tsawon lokaci. Da farko ba ya iyawa. Daga baya harshen ya warware, yana magana da Anti, da Laoshi da ke zuwa da miyar kifi a kwano, da 'yan Xiaobei masu zuwa dubiya, amma in na shigo sai ya rufe ido. Ni ke kai shi gashin hannu, ni ke riƙe shi a matakala, duk a shiru. Saurayin nan shi ya ci wasan ƙarshe, ya zo har asibiti da kwandon lemo ya rusuna wa Yaya. Ranar ce na ga Yaya ya yi kuka, bayan yaron ya fita.

Ƙafar ta dawo. Maganar ta dawo, sai in ya gaji take ɗan nauyi. Hannun ya dawo har yana cin abinci da shi yana sa hannu a takarda, amma yatsun ba su sake riƙe abu mai nauyi ba. Da sanyi ya shigo ya ce zai koma gida ya huta, ya bar mini ofis. Hutun ya zama zama. Ya buɗe shago a Kano yana karɓar kayan da nake turowa, kuma a kan kaya muka koma magana, kwali kaza ya iso, kwali kaza ya jiƙe.

Bara na je gida bikin babbar 'yarsa. Shi ya karɓi baƙi a ƙofar gida tun safe, a tsaye, cikin babbar riga, yana gaisawa da kowa da hannun dama. Bayan ɗaurin aure muka zauna a soro da abokansa, aka kawo abinci, wani ya tambaye shi wai da gaske ne ya taɓa wasa a talabijin a China. Ya ba su labarin tun daga farko, ya tashi har yana nuna musu yadda ake takowa. Da ya zo gida na tara sai ya nuna ni da cokali.

"Ga wanda ya hana ni. Gida biyu ya rage. Da hagu ma da na jefa."

Suka yi dariya, ni ban yi ba, shi ma bai yi ba. Wani dattijo ya ce ai sai ka gode masa. Yaya ya ce, "Na gode masa. Ban dai yafe ba." Ya tsamo cinyar kaza daga kwanonsa ya ajiye a gabana, ya ce in ci in tashi, akwai 'yan kai amarya da za a kwasa a mota.